Dorugu na Dambanas: Dole Ne Sai An Sha Wuya?

Karatu: Farawa 37:12-36 da 50:15-21

Ɗan'uwa cikin Ubangiji, ka lura da yadda lokacin shaida yake tafiya ranar Lahadi. Wanda motarsu ta kife a hanyar Kano ya fita ba ko ƙwarzane, in ya miƙe, majami'a takan yi tsit, yana gamawa a ɗauki Halleluya har rufin kwano ya amsa. Haka ma wadda likita ya sallama ta koma gida jiran kwana, ga ta kuma a gaba tana rawa. Daidai ne, Ubangiji ya isa yabo a kan waɗannan. Amma akwai wani a bencin baya, shekara ashirin yana koyarwa a firamare ko yana awon hatsi a kasuwa, ya aurar da 'ya'yansa, ba a taɓa tare shi a hanya ba, bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. Shi ba ya miƙewa. Gani yake ba shi da labari. Wani lokaci ma Shaiɗan yakan raɗa masa cewa zamansa lami ne, wai da Allah yana da babban nufi a kansa da ya bi da shi ta cikin wuta. Mu ma mukan taya da karin magana, mu ce sai an sha wuya akan sha daɗi.

To, haka ne? Dole ne mutum ya sha azaba kafin ransa ya cika, ya zama abin ba da labari? Bari mu auna maganar da rayuwar wani Bahaushe da ya sha wuyar da ba ka yi wa maƙiyinka fatanta, ya kuma bar labarin da har yau ana karantawa. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wato cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, arewa da Daura. Mahaifinsa manomi ne, makaɗi kuma. Yaro ya tashi kamar kowane ɗan ƙauye, tsakanin gona da ganga. A zamanin nan Damagaram tana bin Shehun Barno, talaka kuwa ba shi da katanga. Wani Bature mai suna Richardson da ya zauna a Zinder a farkon 1851 ya rubuta cewa sarkin garin yakan kai hari kan ƙauyukan ƙasarsa, ya kamo mutane ya biya bashi da su. Cikin irin wannan zamani aka kama Dorugu, yana ɗan shekara sha ɗaya ko sha biyu. Aka kai shi Zinder, daga can aka kora shi gabas zuwa Kukawa, babban birnin Barno, har ya faɗa hannun wani Balarabe.

Ka dakata a nan kaɗan. Ka dubi ɗanka ko ƙanenka da yake aji shida na firamare, wanda har yanzu in dare ya yi yakan nemi a raka shi bayan gida. Mai irin shekarunsa ne aka yi wa kuɗi kamar akuya, a garin da ko harshensu ba ya ji.

A Kukawa akwai Jamusawa biyu da gwamnatin Ingila ta aiko su zaga ƙasashen nan su rubuta abin da suka gani. Ɗaya Adolf Overweg, wanda mutane suke kira Tabib, ɗaya kuma Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim. Wannan Abdulkarim ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A farkon 1851, da ya tashi daga Katsina za shi Kano, ta Kusada ya bi, sunan garin kuma yana nan cikin littafin tafiyarsa. Tabib shi ne ya fanshi Dorugu da kuɗinsa ya 'yanta shi, tare da wani yaro ɗan kabilar Margi mai suna Abbega. Ba a jima ba, a watan Satumba na 1852, zazzaɓi ya kashe Tabib a bakin Tafkin Cadi yana da shekara 30. Yaran biyu suka koma yi wa Abdulkarim hidima, a matsayin 'ya'ya masu aiki, ba bayi ba.

Daga nan tafiya ta miƙe. Sun bar Kukawa a ƙarshen Nuwamba na 1852, suka ratsa Damagaram, ƙasar haihuwar yaron, suka sauka Katsina a Fabrairun 1853. Daga Katsina suka bi ta Kurfi, nan maƙwabtanmu, suka shiga Zamfara, suka keta dajin Gundumi kwana da yini ba hutawa saboda tsoron mahara. Sai Wurno da Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka shiga Tumbutu ranar 7 ga Satumba, 1853. Can suka yi wata takwas rai a hannun Allah, domin akwai masu neman kan Baturen, sai wani babban malami, Shehu Ahmad al-Bakkay, ya tsaya musu. Da suka dawo Kano a Oktoban 1854, a Turai an riga an ba da labarin Abdulkarim ya mutu. A watan Mayu na 1855 suka tashi daga Kukawa suka fuskanci arewa, suka keta Sahara ta Bilma da Murzuk har Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka ratsa Faransa. Ranar 6 ga Satumba, 1855, ɗan makaɗin Dambanas yana tsaye a birnin Landan, bai wuce shekara sha biyar ko sha shida ba.

Na san abin da za ka ce. Ka gani ko? Ba don an kama shi ba, da a gindin ganga zai tsufa, ba wanda zai ji sunansa. Wuyar ce ta kai shi Landan.

Kada ka yi saurin yanke hukunci, ɗan'uwa. Mu koma kan hanyar nan ta Sahara da ya bi. Ita ce hanyar da ake kora bayi daga Barno zuwa arewa. Wani Bature mai suna Denham da ya bi ta a 1822 ya iske gawarwakin mutane fiye da 100 sun zama ƙashi kewaye da rijiya guda. Abdulkarim kansa ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano kaɗai sun kai wajen 5,000 a shekara. Kowannensu ɗan wani ne, 'yar wata ce. Kowannensu ya sha irin wuyar da Dorugu ya sha, da yawa ma sun fi shi sha. Ina labarinsu? Ina cikar ransu? Da a ce wuya ita ce take ƙera babban mutum, da hanyar Murzuk ta cika duniya da manyan mutane. Abin da ta bari ƙasusuwa ne a bakin rijiya, da uwaye a ƙauyuka waɗanda suka mutu suna duban hanya. Abin da ya bambanta Dorugu da sauran shi ne, an sami wanda ya zura hannu a aljihu ya yanke masa wuyar. Labarinsa ya fara buɗewa ne ranar da bautar ta ƙare. Ya keta Saharar nan a matsayin ɗa mai 'yanci, shi ya sa ya kai bakin teku da ransa da hankalinsa.

Yanzu ga sashen rayuwarsa da masu ba da labari sukan tsallake, don ba takobi a ciki, ba ƙishirwa. Bayan Abdulkarim ya kai yaran Jamus sun ga danginsa, sun dawo Ingila, sai suka koma gidan wani fasto mai suna James Frederick Schon a Chatham, kudu maso gabashin Landan. Schon Bajamushe ne, ma'aikacin mishan na CMS. Shi ne suka hau Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841. Ya ƙwallafa rai a kan harshen Hausa, ya fara koyonsa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, rashin lafiya kuma ya mayar da shi Ingila. Ga mutum mai marmarin sa Maganar Allah cikin Hausa, ba shi da Bahaushe kusa. Sai ga yaro ya shigo gidansa da Hausar da ya sha a nono.

An yi wa yaran biyu baftisma a Ingila, Dorugu ya karɓi suna James Henry. Abbega ya koma gida a 1857, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864. Kusan shekara takwas ke nan a gida ɗaya. Ka kwatanta irin aikin a zuciyarka: dattijo da alƙalami, saurayi a gefensa, ana tambayarsa yaya ake faɗin kaza, a maimaita, a rubuta, a karanta masa ya ce ba haka ba ne, a soke a sake. Gobe ma haka, jibi ma haka, ga sanyin ƙasar da ba a saba ba. In da a majami'armu yake a shekarun nan, aka ce mai shaida ya fito, me zai ce? Wannan mako mun gama sura uku? Amma daga teburin nan ne aka buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, Farawa a 1858, Fitowa a 1859, sai littafin nahawun Hausa a 1862. Ƙamus ya biyo baya a 1876. Gaskiya fassarar farkon nan tana da tuntuɓe da yawa, sai da Dakta Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sake aikin kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Duk da haka, wanda ya share gona da wanda ya yi girbi aiki ɗaya suke yi. Littafin da ke kan cinyarka yanzu yana da saiwa a wancan ɗaki.

A gidan nan ne kuma Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da baki, Schon yana rubutawa, haɗe da tatsuniyoyi. An buga shi a 1885 cikin littafin da ake kira Magana Hausa, aka kuma fitar da shi da Turanci a 1971. Yana cikin labaran rayuwa na farko da Bahaushe ya bayar da harshensa aka buga. Abin da yake sa mai karatu ya ƙi ajiye shi, idon yaron ne. Yana duban kasuwa da raƙumi da jirgin ruwa, yana duban yadda Turawa suke zama cin abinci da ƙa'idodinsu, ya kwatanta su kamar yadda su suka saba kwatanta mu. Wannan ido da wannan kunne ba masu kamun bayi ne suka ba shi ba. Ɗan makaɗi ne, ya tashi a gidan da ake sauraro. Baiwar Allah ce tun daga Dambanas, bautar ta kusa hallaka ta ne kawai ba ta samu iko ba.

Ka sake duban shekarun nan biyu, 1858 da 1859. Cikin Farawa akwai labarin Yusufu, yaron da aka sayar wa fatake aka gangara da shi Masar. Cikin Fitowa 21:16 kuwa akwai dokar da ta yanke hukuncin kisa a kan duk wanda ya saci mutum ya sayar. Waɗannan surori sun shiga Hausa a lokacin da yaron da aka sata aka sayar yake zaune a gidan mai fassarar. Allah da ya bi da Yusufu ta Masar, shi ne kuma ya kafa dokar nan. Ba ya kiran satar mutum makaranta.

Mukan yi wa'azin Yusufu kamar rijiya da kurkuku matakala ce da dole ya taka. Karanta da kyau. A Farawa 50:20 Yusufu ya faɗi abu biyu, bai bar ɗaya ya haɗiye ɗaya ba: nufin 'yan'uwansa mugunta ne, Allah kuwa ya juya shi ya zama alheri don a ceci rayuka da yawa. Bai gode musu ba, gafarta musu ya yi, gafara kuwa sai inda aka yi laifi. A sura 42 su da kansu sun tuna yadda ya yi ta roƙonsu cikin baƙin ciki suka toshe kunne. A sura 40, yana kurkuku, ya roƙi mai shayarwar Fir'auna ya yi masa hanyar fita, ya ce sato shi aka yi daga ƙasarsu. Da ya sami ɗan fari ya sa masa suna Manassa, domin Allah ya mantar da shi wahalarsa. Mutumin da yake ganin wuya ita ce ta yi shi ba zai yi murnar manta ta ba.

Ban ce wuya ba za ta zo ba. Ubangijinmu Yesu ya faɗa mana a sarari a Yahaya 16:33 cewa a duniya za mu sha tsanani, mu da muke zaune a wannan yanki kuwa ba sai an fassara mana ba. Ban kuma ce Allah ba ya aiki da ita ba. Romawa 5 ta nuna yadda shan wuya yake haifar da jimiri, jimiri ya kai ga bege, amma ka lura, a cikin zuciyar da Ruhu Mai Tsarki ya zuba wa ƙaunar Allah ne hakan yake faruwa. Wuya ita kaɗai ta mai da mutane da yawa masu ɗaci, wasu ta kai su ga kwalba, wasu ga boka. Wutar da take dafa tuwo ita ce take cin rumbu. Saboda haka kada ka yarda da masu cewa duk mai shan wuya bangaskiyarsa ce ta gaza ko yana ɓoye zunubi, wannan wa'azin abokan Ayuba ne, Allah kuma ya tsauta musu. Wane zunubi ɗan shekara sha ɗaya ya yi a Dambanas? Kada kuma ka yarda da masu cewa sai ka sha wuya Allah zai yi amfani da kai. Manzo Bulus, wanda ya sha duka fiye da kowa, da aka miƙe shi za a yi masa bulala a Urushalima, ya buɗe baki ya ce shi ɗan ƙasar Roma ne, aka kwance shi. Ya shawarci bawa cewa in ya sami hanyar 'yanci ya kama ta. Ya umarci Timoti a riƙa yi wa sarakuna da masu mulki addu'a domin mu yi zaman lafiya da kwanciyar rai. Shi Timotin ma a gida ya koyi bangaskiya, wurin kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki. Ishaku fa? Yawancin kwanakinsa haƙar rijiyoyi ne da kiwo da kauce wa faɗa, ya mutu da kyakkyawan tsufa, sunansa kuma yana tsakiyar sunan da Allah ya kira kansa da shi, tsakanin Ibrahim da Yakubu.

Maganar nan tana da nauyi a gare mu, domin satar mutane ba tarihi ba ne a jihar Katsina. Ba mu manta Disamban 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a dare ɗaya. Akwai gidaje a yankinmu da suka sayar da gona da shanu don fansar nasu, akwai waɗanda suka biya ba su ga kowa ba. In ka shiga irin gidan nan, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa ta zumuntar mata, ku kiyaye bakinku. Kada ku ce wa uwar da aka ɗauke wa ɗa wai Allah yana shirya masa babbar shaida ne. Ku zauna da ita, ku yi kuka tare, ku yi addu'ar kuɓutarwa da dukan ƙarfinku, ku kawo abin da kuke da shi. Tabib bai yi wa Dorugu wa'azin amfanin bauta ba, kuɗi ya fitar. Wanda kuma ya dawo daga daji, kada a tsai da shi gaban ikilisiya mako mako ya maimaita abin da aka yi masa don jama'a su ji daɗin labari. Ku bar shi ya warke. Dorugu ya ba da nasa labarin ne bayan ya sami gida da abinci da kwanciyar hankali, ga kuma wanda ya zauna ya saurare shi a natse.

Kai kuma da Ubangiji ya kewaye da shinge har yau, kada ka raina abin da aka ba ka, kada kuma ka yi marmarin wutar da ba a kira ka cikinta ba. Rai a yalwace da Yesu ya yi alkawarinsa a Yahaya 10:10, ya ɗora shi a kan zuwansa ne, kuma a ayar nan ɓarawo ne mai sata da kisa da hallakarwa. Lahadi mai zuwa ka miƙe ka gaya wa ikilisiya cewa shekara ashirin kana fita kana dawowa lafiya, ajinka ya yaye yara masu karatu, mudunka bai taɓa cutar kowa ba. Akwai matasa a wurin da suke bukatar jin cewa irin wannan ma aikin Allah ne.

A 1864 Dorugu ya dawo Afirka ta Yamma, yana saurayi mai jin Turanci da iya karatu da rubutu, abin da ba a cika samu ba a lokacin. Ya yi shekaru yana aikin tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa. Ya rayu har zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903 aka rufe kasuwar bayi ta birnin. Da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, tsoho Dorugu yana cikin waɗanda suka koyar a wurin. Harshen da ya taɓa zama yana faɗa wa Schon kalma kalma a Chatham, shi ne yanzu ake koya wa 'ya'yan Hausawa rubutawa da baƙaƙen boko. In wata rana ka hau motar Kano daga tashar Kankiya, Gidan Ɗan Hausa yana nan tsaye a Nassarawa. A unguwar nan Dorugu ya rasu a 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai.